Drayton Wiser da Home Assistant: bitar na'urar sarrafa ɗumin gida a Ingila

Yawancin gidajen Ingila da boilar gas ake ɗumama su. Boila ta dafa ruwa, injin turawa ya kora shi cikin bututun jan ƙarfe zuwa radiyetocin da ke manne a bangon ɗakuna, ruwan ya saki zafinsa ya komo a sake dafawa. Wanda ya taso inda maganin hunturu bai wuce bargo da kaskon garwashi ba, farkon zuwansa yakan ɗauki tamostat ɗin bango kamar makunnin fanka, ya murɗa shi zuwa 30 wai don ɗaki ya yi saurin ɗumi. Lambar nan tana faɗa wa boila inda za ta tsaya ne kawai. Gudunta ɗaya ne ko an sa 20 ko an sa 30, bambancin sai a takardar kuɗin gas a ƙarshen wata.

Babban aibin tsohon tsari shi ne tamostat ɗaya ke yanke wa gida duka hukunci, kuma galibi a koridon shiga yake, wurin da ba mai zama. Wiser, na kamfanin Drayton wanda ke ƙarƙashin Schneider Electric, ya zo ne ya raba wannan iko ɗaki-ɗaki. Kashi uku ne. Akwai cibiya, wani farin akwati da ake haɗawa da boila da waya. Akwai tamostat na ɗaki mai batir, wanda ke auna zafi da danshi. Sai kawunan radiyeta, ƙananan injina masu batir AA biyu-biyu da ake ɗaurawa a kan bawul ɗin kowace radiyeta. Cibiyar tana magana da sauran ta rediyon Zigbee, tana magana da rautar gida ta Wi-Fi. Tana ɗaukar ɗakuna har 16 da kawuna har 32, abin da ya fi ƙarfin buƙatar yawancin gidaje.

Hukuncin wannan bita a taƙaice: ga mai son haɗa ɗumin gidansa da Home Assistant, manhajar da ke sarrafa na'urorin gida daga wuri ɗaya, Wiser na cikin mafi dacewa a kasuwar Ingila, kuma dalilin ba kyawun manhajarsa ba ne, don manhajar tsaka-tsaki ce. Dalilin shi ne jadawalin ɗumi yana zaune a cikin cibiyar kanta, ana iya magana da ita kai tsaye a cikin gida ba tare da an bi ta sabar kamfani ba, kuma babu kuɗin wata-wata. Amma yana da laifuffukansa, wasu nasa ne, wasu kuma na bututu da boila ne da ake ɗora masa.

Wace cibiya, wace waya

Kafin a biya ko sisi, a gane irin boilar da ke gidan. Idan kombi ce, wato mai dafa ruwan wanka nan take ba tare da tanki ba, cibiya mai layi ɗaya ake saya. Idan akwai tankin ruwan zafi a wani kabad, mai layi biyu ake buƙata, ɗaya na ɗumi ɗaya na ruwa. Mai layi uku ta gidan da aka raba bututunsa gida biyu ce, sama da ƙasa, ga kuma tanki. Wanda ya sayi mai layi ɗaya alhali yana da tanki zai rasa yadda zai kunna ruwan wanka, kuma wannan kuskure ya yawaita.

Cibiya mai layi ɗaya ko biyu tana hawa kan irin faifan bangon da yawancin tsofaffin agogunan boila na Ingila, masu kunna ta da kashe ta kan lokaci, ke amfani da shi. A gidan da ke da irin wannan faifai, aikin bai wuce a kashe wuta, a sassauta sukuru biyu na ƙasa, a ɗaga tsohon agogo, a sa sabuwar cibiya ba. Sai dai kamannin faifai bai tabbatar da cewa wayoyin suna inda ya kamata ba. A ɗauki hoton wayoyin kafin a taɓa komai, a gwada da takardar da ke cikin kwali. A ramukan waya na faifan mai layi biyu, N da L su ne wutar shiga, lamba 3 na kunna ruwan zafi, lamba 4 na kunna ɗumi, lamba 1 kuma ita ce ta kashe ruwan zafi, wadda gidajen da ke da bawul mai baki uku ba sa aiki daidai sai da ita.

Mai layi ɗaya ita ce ke jawo asara. A cikinta lamba 1 da lamba 3 bakin makunni ne kurum, babu wuta a cikinsu sai wadda aka kawo musu. Wasu boiloli suna jiran a aiko musu da wuta mai bolt 230 kafin su tashi, to a nan ana sa guntuwar waya daga L zuwa lamba 1. Wasu kuma ƙaramar wuta ce a bakinsu, irin bolt 24, abin da suke so shi ne a haɗe musu wayoyinsu biyu. Duk wanda ya sa waccan guntuwar waya a irin wannan boila ya aika 230 cikin allon lantarkin da ba a yi shi don haka ba, kuma allon ya ƙone ke nan. Kuɗin sabon allo da na mai gyara yakan fi kuɗin Wiser ɗin. Littafin boila ne ke raba gardama, ba hasashe ba.

Akwai kuma maganar doka. A boiloli da yawa murfin gaba shi ne ke toshe ɗakin ƙonewar gas, kuma sai an cire shi ake kai wa ga wurin ɗaura waya. Irin wannan murfi aikin injiniya mai rajistar Gas Safe ne, wato rajistar waɗanda doka ta yarda su yi aikin gas, ko da waya ɗaya za a ɗaura. A nemi ganin katinsa. Wutar boila kuma a kashe ta daga makunnin bango mai fis, wanda ya kamata ya zama amp 3, sannan a gwada da abin gwaji a tabbatar ta mutu.

Abu uku ke sa a gama haɗawa a ga shirme. Idan ɗumi ya ƙi tsayawa ko cibiya ta ce a kashe, galibi an bar 'yar wayar da kamfanin boila ya haɗe bakin tamostat da ita tun daga masana'anta, sai a cire ta. Idan ɗumi ya ƙi tashi ko cibiya ta yi ƙaras ta kunna fitilarta, a duba tsohon tamostat na korido, yana nan a kan layi yana tare hanya. Gyaran gaskiya shi ne a cire shi a haɗe wayoyinsa yadda ya dace, na wucin gadi kuma a murɗa shi zuwa ƙarshe. Na uku shi ne agogon da ke jikin boilar kanta, dole a bar shi a kunne kullum, in ba haka ba sarki biyu ne a gari ɗaya.

Kawunan radiyeta

Nan ne kuɗi ke tafiya. Gida mai ɗakin kwana uku yakan kasance da radiyeta bakwai ko takwas, kuma kowane kai kuɗinsa daban. Ba dole a saye su rana ɗaya ba. A fara da ɗakunan kwana da falo, sauran su biyo baya.

Kafin saye a zagaya gida a duba bawul-bawul. Radiyetar da ke da kai mai lambobi 1 zuwa 5 ta shirya: a kwance zoben da ke ƙasan kan da hannu, kan ya fita, ruwa ba ya zuba, sai a ga wani ɗan tsinken ƙarfe a tsaye. Wadda ke da murfin murɗawa irin na famfo ba ta da wannan tsinke, sai falamba ya zubar da ruwan bututu ya canza bawul ɗin gaba ɗaya, kuma wannan wani lissafi ne daban. Zaren kan Wiser M30 x 1.5 ne, wanda ya fi yawa a Ingila, kuma ana haɗowa da abin daidaitawa na bawul ɗin Danfoss RA a kwali. Wasu tsofaffin bawul masu zaren M28 sai an nemo musu nasu.

A danna tsinken da bayan cokali. Ya kamata ya nutse kamar milimita biyu ya dawo da kansa. Wanda ya shafe bazara a rufe yakan maƙale, kuma ɗan injin da ke cin batir AA ba shi da ƙarfin ɓamɓaro shi. Sakamakon shi ne manhaja ta nuna ɗaki na neman ɗumi, boila na ta ci, radiyeta kuwa sanyi ƙalau. A riƙa dannawa ana saki, a ɗan ƙwanƙwasa gefen bawul a hankali har ya saki jiki. Kada a kama shi da filaya a fizga sama, yana iya fitowa ruwa ya biyo shi. Bayan an ɗaura sabon kai a murɗa hularsa wajen alamar ragi a riƙe, injin zai sauka ya auna inda tsinken ke rufewa. Wanda ya tsallake wannan mataki, ko ya ɗaura zoben sako-sako, zai sami radiyetar da ba ta rufewa duka. A manhaja akwai zaɓin da ke motsa bawul lokaci-lokaci don kada ya sake maƙalewa a bazara, a kunna shi.

Kada a sa wa kowace radiyeta kai. Idan boila ta mutu injin turawa yakan ci gaba da gudu na 'yan mintuna don ya kwashe ragowar zafi, kuma ruwan yana buƙatar hanya. In duk bawul sun rufe lokaci ɗaya, kuma babu bawul ɗin kewaye a tsarin, sai a ji ƙara a bututu, boila ta yi zafi fiye da kima ta kulle kanta. An saba barin ta banɗaki a buɗe, wadda dama ake shanya tawul a kai.

Raunin da ba ya gyaruwa da saiti shi ne wurin da kan yake zaune. Yana auna zafin ɗaki ne daga gefen ƙarfe mai zafi, kusa da ƙasa. Yana ƙoƙarin rage wannan da lissafi, amma idan labule ya sauko a kansa, ko an tura kujera gabansa, ko an shanya kaya a radiyetar, sai ya ga digiri 22 alhali mai zaune a tsakiyar ɗaki na rawar ɗari. Maganin shi ne a sa tamostat na ɗaki a ɗakin, a haɗa su a manhaja a matsayin ɗaki ɗaya, cibiya za ta koma karɓar awo daga tamostat ta bar kan da aikin buɗewa da rufewa. A falo wannan kusan wajibi ne. A ajiye shi kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da taga da talabijin.

Sai ƙara. Injin yana yin 'yar ƙugi na daƙiƙoƙi kaɗan duk lokacin da ya motsa. Da rana ba a ji, da tsakar dare mai saurin farkawa zai ji. A ɗakin jariri gara a sa zafi ɗaya tsawon dare don motsin ya ragu. Batir kuma a sa alkalin, masu caji bolt 1.2 suke bayarwa, kan zai riƙa kukan batir ya ƙare tun bai ƙare ba. Kawuna bakwai batir 14 ke nan, a ajiye kwali ɗaya a gida.

Rediyo

Zigbee da Wi-Fi na cibiyar duk a 2.4 GHz suke, kuma cibiyar ba ta da ramin wayar intanet. Wannan shi ne aibin da ya fi damun masu Wiser. Inda boila take nan cibiya take, wato lungun kicin ko cikin kabad, tsakanin ƙarfe da bututu. Tsofaffin gidajen jan bulo masu jere, irin waɗanda suka cika unguwannin Manchester da Birmingham da Bradford, bangonsu na shanye sigina. A nisanta cibiya daga jikin boila aƙalla santimita 30, kada a rufe ta a bayan firji.

Na'urori masu batir ba sa miƙa saƙon juna. Idan kan da ke ɗakin can sama yana ɓacewa, sayen wani kan a tsakani ba zai yi komai ba. Soket ɗin Wiser mai shiga bango shi ne ke miƙa sigina, a sa ɗaya a kan bene a tsakiyar gida, a wurin da ba mai zare shi don ya yi cajin waya. Kan da ke fama da sigina shi ne kuma ke saurin cinye batir, don haka batir da ke mutuwa da wuri a ɗaki ɗaya alama ce. Ta ɓangaren Wi-Fi, rautocin da ke haɗe 2.4 da 5 GHz da suna ɗaya sukan rikita cibiyar. A raba musu suna, a tsayar da tashar 2.4 a kan 1 ko 6 ko 11 maimakon a bar rauta tana yawo.

Haɗawa da Home Assistant

Home Assistant manhaja ce ta kyauta da ake girkawa a ƙaramar kwamfuta a gida, irin Raspberry Pi ko akwatin Home Assistant Green da ke zuwa a shirye. A haɗa kwamfutar da rauta ta waya. Mahaɗin Wiser ba ya cikin waɗanda ke zuwa da manhajar, masu sa kai ne suka rubuta shi, ta HACS ake sauko da shi, wato rumbun mahaɗan masu sa kai da ake ƙara wa Home Assistant. Wannan na nufin kamfanin bai yi alkawarin komai a kansa ba. Cibiyar tana sabunta kanta ba tare da neman izini ba, kuma sabuntawa na iya karya mahaɗin na ɗan lokaci har masu kula da shi su gyara. Ɗumin gida ba ya tsayawa a wannan lokaci, abubuwan ƙari ne ke tsayawa.

Matakin da ke ba mutane wuya shi ne samo kalmar sirrin cibiya. A danna maɓallin saiti a jikinta sau ɗaya, fitila ta fara ƙiftawa, cibiya ta buɗe nata Wi-Fi mai suna da ya fara da WiserHeat. A haɗa waya ko kwamfuta da shi, a buɗe burauza a rubuta 192.168.8.1/secret, wani dogon rubutu zai fito. A kwafe shi duka, ba sarari a gaba ko a baya. A kashe datar waya tukuna, don wayoyi da yawa da sun ga Wi-Fi ba shi da intanet sai su sulale su koma data, shafin ya ƙi buɗewa. A sake danna maɓallin don cibiya ta koma kan rautar gida. Daga nan a shiga rauta a keɓe wa cibiyar adireshin IP na dindindin. Wanda bai yi haka ba, ranar da aka ɗauke wuta ko rauta ta sake tashi cibiya na iya samun sabon adireshi, komai ya ɓace a Home Assistant. Sai a sauko da mahaɗin a HACS, a sake tayar da Home Assistant, a ƙara Wiser, a ba shi adireshin da kalmar sirrin.

Kowane ɗaki zai fito da zafinsa na yanzu da wanda ake nema da kason ɗumin da yake buƙata, ga ƙarfin batir da na sigina na kowace na'ura. Tambayar cibiya ake yi lokaci-lokaci, kusan kowane rabin minti, don haka abin da aka canza a jikin radiyeta ba ya bayyana nan take. Kada a matse wannan tazara zuwa daƙiƙa biyar, ɗan ƙwaƙwalwar cibiyar ba ta jure yawan tambaya, sai ta fara faɗuwa daga Wi-Fi. Wasu kan jefar da cibiyar su haɗa kawunan kai tsaye da Zigbee2MQTT, manhajar da ke sa kwamfutar gida ta yi magana da na'urorin Zigbee. Yana yiwuwa, amma an ɗora wa Raspberry Pi nauyin kunna boila ke nan, ranar da katin ajiyarsa ya lalace a watan Janairu iyali su kwana cikin sanyi. Ba shawara ba ce.

Ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce jadawali ya zauna a Wiser, Home Assistant ya riƙa ɗan taɓawa kawai, kuma taɓawar ta zama mai wa'adi. Idan umarni ya mayar da ɗaki kan saitin hannu a digiri 21, zai zauna a haka har sai wani umarnin ya dawo da shi, in kuwa kwamfutar ta mutu a tsakani ɗakin zai ci gas har safe. Idan aka yi amfani da ƙarin ɗumi na ɗan lokaci, a ce minti 60, cibiyar ce ke ƙirga lokacin da kanta ta koma jadawali, ko Home Assistant na raye ko ba ya raye.

Inda haɗin ya fi nuna amfaninsa ga gidan Musulmi shi ne Asuba. A Ingila lokacinta yana tafiya sosai, a Disamba wajen ƙarfe shida take a Landan, kafin ƙarshen Maris ta matso da fiye da awa ɗaya, ga kuma canjin agogo da ake yi a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Jadawalin Wiser ƙarfe kaza ya sani, bai san alfijir ba. Home Assistant yana da mahaɗin lokutan salla a cikinsa, wanda ke ba da lokacin kowace salla ta ranar bisa wurin da gidan yake. A zaɓi hanyar lissafin da ta fi kusa da jadawalin masallacin unguwa, sannan a rubuta umarni: minti 40 kafin Asuba, a ƙara wa ɗakin kwana ɗumi zuwa digiri 19 na awa ɗaya, da sharaɗin zafin ɗakin ya gaza 17. Tunda radiyetar banɗaki a buɗe take, ita ma za ta yi ɗumi kafin a zo alwala. A shekarun nan da azumi ke faɗowa cikin sanyin Fabrairu da Maris, sai a ƙara kicin, a ja lokacin baya zuwa awa ɗaya da rabi saboda sahur. Minti 40 ɗin mafari ne, a duba zanen zafin ɗakin na kwana uku a ga minti nawa yake ɗauka ya hau digiri biyu, a gyara.

Na fita daga gida ma yana da amfani, amma da hattara. Manhajar Home Assistant ta waya tana sanar da wanda ke gida, sai a ce in kowa ya fita a sa Wiser a yanayin tafiya. Wayar da ke tsimin batir takan yi ƙaryar an fita, don haka a sa jinkirin minti 15 kafin umarnin ya yi aiki. A kuma tuna da waɗanda ba su da manhajar, kamar Hajiya da ta zo taya jego ko yaran da suka dawo daga makaranta. A yi makunni ɗaya na baƙi wanda ke dakatar da wannan umarni. Mai tafiya gida hutun Disamba kuma kada ya kashe boila, ya bar gidan a digiri 12 ko sama don kada bututu ya daskare ya fashe, ya kuma duba takardar inshorarsa, wasu suna da sharaɗi a kan haka.

Shin yana rage kuɗin gas?

Yana ragewa a gidan da ke da ɗakunan da ba a shiga da rana, ko inda aka saba barin ɗumi a kunne ana wurin aiki. A ƙaramin falat mai ɗaki ɗaya, tamostat kaɗai ya isa. Amma akwai iyaka da masu talla ba sa faɗi. Boilar kombi mai kilowat 30 da yawa ba sa iya sauka ƙasa da kilowat huɗu zuwa bakwai, radiyeta ɗaya kuwa kilowat ɗaya ko ɗaya da rabi take sha. Idan ɗaki ɗaya tal ke neman ɗumi, boila ta tashi, ruwa ya yi zafi cikin minti biyu, ta mutu, ta sake tashi. Wannan yana ɓata gas yana kuma gajiyar da boila. Gara a haɗa ɗakuna biyu ko uku a lokaci ɗaya a jadawali. Ɗakin da aka bari ya yi sanyi ƙwarai kuma yana jan zafi daga maƙwabcinsa ta bango, kuma a nan danshi ke taruwa funfuna ta fito a kusurwa, musamman gidan da ake yawan girki da shanya a ciki. Ɗakin da ba a amfani da shi a bar shi a 15 ko 16. Inda ake zama, hukumomin lafiya na Ingila 18 suke ba da shawara a matsayin mafi ƙaranci.

Babban ragi yana jikin boila, kuma kyauta ne. Tun 2005 kusan duk boilar gas da ake girkawa a Ingila mai tatsar zafi daga tururin hayaƙinta ce, amma tatsar ba ta yiwuwa sosai sai ruwan da ke komowa ya gaza kusan digiri 55. Da yawa an bar su suna fitar da ruwa a 75 ko 80. A kombi, a sauke zafin ruwan radiyeta zuwa 60, in gida na yin ɗumi a gwada 55, a ƙara wa jadawali minti 20 ko 30 a gaba tunda hawan zai yi jinkiri. Mai tanki kada ya yi haka kai tsaye, ruwan tanki yana buƙatar 60 saboda ƙwayar cutar Legionella.

Wiser yana jin OpenTherm, yaren da ke ba cibiya damar gaya wa boila zafin da za ta kai ruwa, maimakon kunna da kashe kawai. Waya biyu ce mai ƙaramar wuta, kowace ta shiga kowane rami, kuma ba a haɗa ta da 230. Boilolin Ideal da Intergas da wasu na Baxi da Viessmann suna jinsa. Vaillant na da nasa yaren, eBUS, yawancin Worcester Bosch ma nasu daban ne, a waɗannan kunna da kashe za a yi. Inda ya yi aiki, Home Assistant na nuna zafin ruwan da ke fita da ƙarfin da wutar ke ci, kuma da zanen waɗannan lambobi ake gane boilar da ke yawan tashi da mutuwa. Sai dai a wasu boiloli da zarar an haɗa OpenTherm maɓallin zafi na jikinsu ya daina aiki, cibiya ta riƙa neman ruwa mai zafi fiye da wanda aka saita da hannu a da. A duba lambar da allon boila ke nunawa a makon farko.

Idan aka gwada da abokan gasa, Honeywell evohome yana amfani da rediyon 868 MHz da ya fi ratsa bango, amma ya fi tsada kuma shiyya 12 yake ɗauka. Mahaɗin Hive a Home Assistant ta sabar kamfani yake bi. tado° ya fi Wiser kyawun manhaja, amma wasu ayyukansa na kuɗin wata ne, kuma a 2025 ya ƙayyade yawan tambayar da manhajojin waje za su yi wa sabarsa a rana. A Oktoban shekarar kuma Google ya yanke tsofaffin tamostat ɗin Nest na ƙarni na farko da na biyu daga manhaja. Shi ma Wiser sai da asusun kamfani ake sarrafa shi daga waje ta manhajarsa, amma mai Home Assistant yana da wata ƙofar.

Mai zaman haya ya nemi izinin mai gida a rubuce kafin a taɓa wayar boila, kuma a tsarin Wiser kawunan radiyeta ba sa aiki ba tare da cibiya ba, don haka izinin ne farko. Tsofaffin kawuna da tsohon agogo a zuba su a leda ɗaya, a rubuta wa kowane kai sunan ɗakinsa, a haɗa da hoton wayoyin da aka ɗauka. Ranar tashi a mayar da su yadda aka same su, a cire batir daga kawunan Wiser kafin a sa su a kwali, in ba haka ba za su yi ta neman cibiya har su cinye shi.